Ƙarfe Mara Tsatsa da Zafin Wuta

Sinadarin kuromiyam ne ke hana wannan ƙarfe yin tsatsa, muddin ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. Shi ke haɗuwa da iska ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata mai kare shi. Amma idan ƙarfen ya daɗe cikin zafin digiri 450 zuwa 850 na ma'aunin Salshiyas, kamar wajen walda, sai kabon ɗin cikinsa ya kama kuromiyam. Daga nan gefen waldar ya yi rauni, har bututu ya tsage. Daga cikin magungunan abin akwai iri biyu: a gasa ƙarfen zuwa digiri 1050 a tsoma shi a ruwa nan take, ko a zuba masa titaniyam tun wajen narkarwa don ya riƙe kabon. Irin na biyun ake kira lamba 321.