Rage Tsayin Mota: Amfaninsa da Haɗarinsa

Sau da yawa muna ganin motocin samari waɗanda cikinsu ya kusa taɓa ƙasa. Wasu suna zaton ado ne kawai, amma akwai dalili na kimiyya a ciki. Abubuwa biyu ake canzawa: sifirin da kuma ƙarfen da makanikai suke kira sitabilaiza.

Da farko, sifirin shi ne yake ɗaukar nauyin mota. Gajeren sifirin, irin wanda kamfanonin Eibach da H&R na ƙasar Jamus suke ƙerawa, yakan sauke mota da kamar milimita 25 zuwa 40, kuma ya fi na asali tauri. Idan nauyin mota ya kusanci ƙasa, ba ta karkata sosai a kan kwana, gabanta kuma ba ya dunƙufawa idan an taka birki.

Na biyu, sitabilaiza sandar ƙarfe ce mai siffar harafin U wadda ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. Idan mota ta shiga kwana, ɓangare ɗaya yana danne, ɗayan yana ɗagawa. Sai sandar ta murɗe, ta hana motar kwantawa gefe guda. Kaurinta yana da muhimmanci ƙwarai: daga milimita 20 zuwa 22, taurinta yana ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin ɗari. Idan ta gaba ta yi tauri da yawa, mota takan ƙi bin sitiyari a kwana. Idan kuwa ta baya ce, bayan motar yana iya zamewa, wanda ya fi haɗari ga sabon direba.

To, amma ina titin da za a bi? A hanyoyinmu masu ramuka da tudun rage gudu, gajeriyar mota tana kartar salansa, wani lokaci har ƙasan inji ya fashe, mai ya zube. Haka kuma tsohon shokazoba yana saurin lalacewa idan aka haɗa shi da gajeren sifirin.

Saboda haka, duk mai son yin wannan aiki ya sayi cikakken saiti na irin motarsa, ya duba shokazoba, sannan a sake daidaita tayoyi domin kada su cinye ta gefe ɗaya. Kada ya yarda makaniki ya yanke masa sifirin ko ya ƙona shi da wuta don arha, domin yin haka yana raunana ƙarfen. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Allah ya kiyaye hanya.