Babi na Tara: Yadda Yunwa Ke Shiga Gida

Duk wanda ya yi nazarin zaman manoma a ƙasar Hausa zai ga cewa ba safai yunwa ke faɗa wa gida rana ɗaya ba, sai dai ta biyo bayan wata musiba wadda ba a yi mata tanadi ba: ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, ko farin ɗango su sauka kan gero yana fid da kai, ko kuwa ciwo ya kwantar da maigida daidai lokacin noman farko, wanda in ya kuɓuce wa mutum, to shekarar ta kuɓuce masa ke nan.

Abin da ke biyo baya a hankali yake tafiya, kuma a ɓoye. Idan rumbu ya ƙare alhali sabon hatsi bai nuna ba, uwargida ce ke fara sani, sai ta rage awo, ta cika tukunya da tafasa da rama da yaɗiya, har ta kai ga sayar da akuyarta da kwanukan ɗakinta, a daidai lokacin da kowa ke sayarwa, dabba ta yi arha, hatsi ya yi tsada. Maigida kuwa, saboda abin da za a ci yau, sai ya tafi ƙwadago gonar wani ya bar tasa ga ciyawa, daga nan ya ci falle, wato ya karɓi hatsi ko kuɗi bisa sharaɗin zai biya da ƙari mai yawa idan kaka ta yi. A ganina nan ne asalin halaka, domin bayan kasancewarsa riba wadda shari'a ta haramta, wannan bashi yana cinye amfanin baɗi tun ba a shuka shi ba, kuma daga gare shi sai jinginar gona, sai cin rani, wani ma ya tafi bai dawo ba.

Magabata sun ga haka a yunwar Kakalaba ta 1914, bayan farin 1913, zamanin da haraji ya koma na tsabar kuɗi, talaka yana kai hatsinsa kasuwa da kaka don ya biya. Haka kuma a 2005, a yankunan Maraɗi da Damagaram, hatsi bai yanke a kasuwa ba, ikon saye ne ya yanke wa mutane.

Amma fa jama'a ba su zauna haka kawai ba. Musulunci ya wajabta ushiri, ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, da rabinsa ga abin da aka shayar da wahala, matuƙar ya kai nisabi na wusuƙi biyar. Al'ada kuma ta zo da ciyayya, inda maƙwabta ke aika wa juna kwanon tuwo, ta yadda mabuƙaci zai ci ba tare da an gane shi ne mabuƙaci ba. Ga kuma gayya, wadda ke nome gonar majinyaci a yini guda. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a yunwar Shekarar Toka, Hijira tana da 18, Sayyidina Umar ya aika wa gwamnoninsa, ciki har da Amru ɗan Asi, su turo abinci Madina, ya kuma jinkirta karɓar zakka har aka sami sauƙi. A ƙauyukan Nijar da dama yanzu akwai rumbun gamayya, inda ake sayen hatsi da kaka a sayar wa 'yan gari da rahusa idan damina ta yi tsanani.

Sai dai duk wannan yana da sharaɗi, wato ya zo da wuri, domin tiya biyar da aka ba mutum kafin ya ci falle ta fi masa buhun da za a kawo bayan gona ta fita hannunsa. Kuma mai mutunci ba ya roƙo, kunya ke rufe masa baki. Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ruwa ya zauna, ka riƙa leƙa maƙwabcinka tun bai yi magana ba.