Takobi Shida A Hannun Mutum Ɗaya

A Jamhuriyar Nijar takobi ake ba sarkin kokawa. An fara gasar ƙasa a Tawa cikin 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. A Disamba 2023 kuwa Kadri Abdu na Dosso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ka da Aibo Hasan a Agadas, ya cika takobinsa na shida, uku na ƙarshe a jere.

Irin waɗannan maza a dandalin ƙauye suke tasowa, da kokawar kaka, gasar shekara-shekara ta riƙe su har girma. Samarin Gombe ma akwai ƙarfi, amma in babu gasa mai ɗorewa, a dandali sunansu zai tsaya.