Ƙorafin Cikin Gida a Kan Dandamali: Masu Neman Jinsi da Jami'o'in Kirista na Amurka

Tun bayan ƙurar da ta tashi a watan Yulin 2024 kan zargin cewa Yarjejeniyar Samoa na goyon bayan neman jinsi, duk guntun bidiyon da aka hango tuta mai launin bakan gizo a cikinsa sai ya zagaye wayoyinmu kafin la'asar, da sharhi iri ɗaya a ƙarƙashinsa: ai Amurka ta gama, coci-cocinsu da makarantunsu duk sun sallama. Idan kuwa wasan kwaikwayo ne, sai a ƙara da cewa gwamnati ce ta yi hayar wasu marasa addini su ci mutuncin masu ibada. Matsayin malamanmu, na masallaci da na coci, a kan neman jinsi sananne ne, haka ma dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, don haka ba su za su cinye mana shafi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yanke hukunci a kan rigimar wasu alhali ko sunayen masu rigimar ba mu sani ba.

A Amurka akwai jami'o'in Kirista masu yawan gaske waɗanda har yau ƙa'idarsu a rubuce ta haramta soyayya tsakanin jinsi ɗaya, kuma suna iya ladabtar da ɗalibi ko su sallami malami a kan haka ba tare da sun taka doka ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 da ya halatta auren jinsi a faɗin ƙasar bai taɓa wannan ba. Wasannin da ake yi a kan rayuwar irin waɗannan makarantu kuma, akasarinsu 'ya'yan gidan ne ke rubuta su: mutanen da suka tashi a coci, suka haddace waƙoƙin ibada, wasu ma suka fita wa'azi ƙasashen waje, sannan suka koyi sana'ar dandamali a cikin jami'ar da suke ba da labarinta.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Jami'ar Brigham Young da ke garin Provo a jihar Utah, wadda aka fi sani da BYU. Mallakar cocin Momon ce, waɗanda ke kiran kansu Kiristoci ko da yake wasu ɗarikun na ja da hakan. An kafa ta a 1875, ɗalibanta sun haura dubu 30. Duk mai shiga sai ya sa hannu a kan kundin ɗa'a: ba giya, ba taba, ba kofi, ba shayi, ba kwanciya da wanda ba a aura ba. Namiji ba ya barin gemu sai da izini na musamman, irin na mai larurar fata. Kowace shekara kuma sai shugaban addinin ɗalibi ya sa hannu cewa yana nan kan turba kafin ya ci gaba da karatu. Wato wanda ya kai damuwarsa ga limaminsa a asirce ya san cewa karatunsa na rataye a bakin alƙalamin mutumin nan.

To, ta yaya makarantar da ɗalibanta ke karɓar tallafi da bashin karatu daga gwamnatin tarayya take wannan kuma ta kwana lafiya? A nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da kuɗin tarayya ke shiga. Amma a cikin dokar kanta an bar ƙofa: makarantar da ke ƙarƙashin wata ƙungiyar addini ba a tilasta mata bin sashen da ya saɓa wa aƙidarta. Ɗauka cewa uba ne ke ba yaransa kuɗin abinci kullum, ya kuma shardanta wa masu rumfunan bakin makaranta cewa duk wadda ke karɓar kuɗinsa ba ta da ikon korar yaro daga bencinta, sai fa wadda ta ce addininta ne ya hana ta zaunar da shi. Kuɗin na uban ne, yaron ne ya kai su da ƙafarsa, bencin kuma na mai rumfa ne. Yaron da aka tayar yana cewa da kuɗin ubana ake wulaƙanta ni. Mai rumfa tana cewa ga rumfuna nan birjik, wa ya ja ka zuwa tawa? Gardamar ke nan gaba ɗayanta.

An kuwa kai ta kotu. A Maris 2021 ɗalibai da tsofaffin ɗalibai 33 daga jami'o'in addini daban-daban suka maka Ma'aikatar Ilimi ta Amurka a wata kotun tarayya a jihar Oregon, suna neman a toshe wannan ƙofa. Alƙaliya Ann Aiken ta kori ƙarar a Janairun 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Agustan 2024. Ita ma BYU, binciken da ma'aikatar ta buɗe a kanta an rufe shi a Fabrairun 2022 bisa wannan dalili. Masu ƙarar suna yawan tuna wa mutane Jami'ar Bob Jones ta South Carolina, wadda ta rasa rangwamen haraji a Kotun Ƙoli a 1983 saboda ta hana soyayya tsakanin baƙaƙe da farare, ba ta kuma janye dokar ba sai a 2000. Kotuna dai ba su yarda cewa batutuwan biyu ɗaya ba ne.

Wanda kotu ba ta share masa hawaye ba, kuma jaridar makaranta ba za ta buga labarinsa ba, ina zai kai? Wasu dandamali suka nufa, tun ma kafin a kai ga kotun.

John Cameron ɗalibin BYU ne a tsakiyar shekarun 1970, mai riƙo da addini, wanda ya gane yana sha'awar maza kuma ya tsani hakan a ransa. A lokacin wani ɗalibin digirin digirgir a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, Max Ford McBride, yana gwaji a kan ko za a iya kankare wannan sha'awa da wutar lantarki. Za a zaunar da saurayi a ɗaki, a ɗaura masa waya a dantse, a riƙa haska masa hotunan maza, ana sakar masa wuta. Idan aka sauya zuwa hoton mace sai a bar shi ya huta. Manufar ita ce jiki ya koyi haɗa abu na farko da azaba, na biyu da sauƙi, kamar yadda ake horar da dabba a ɗakin gwaji. Mutum 17 suka fara, 14 suka kai ƙarshe, aka kammala kundin a 1976. Ba a ɗaure kowa aka kawo ba. Cameron da ƙafarsa ya je, don yana so ya zama irin mutumin da cocinsa ke so. Wannan ne wurin da ya fi taɓa zuciya a labarin, kuma shi ne masu cewa "marasa addini ne" ba su taɓa ji ba. A lura kuma da shekarar: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta riga ta cire neman jinsi daga jerin cututtuka tun 1973.

Wutar ba ta sauya shi ba. Ya haɗiye maganar kimanin shekara 30, ya zama malamin koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Iowa, sannan ya rubuta wasa ya sa masa suna 14, adadin waɗanda suka jure har ƙarshe, aka kuma nuna shi a can Iowa. Kundin McBride yana nan a ajiye da jadawalinsa da alƙalumansa, amma kundi ba ya nuna maka yadda saurayi ke sauke hannun rigarsa ya rufe dantse ya wuce aji kamar ba abin da ya faru. Wannan aikin ɗan wasa ne. Da aka tambayi Dallin Oaks, wanda ya shugabanci BYU daga 1971 zuwa 1980, a wani taro a Jami'ar Virginia a Nuwamban 2021, sai ya ce ba a yi irin wannan a zamaninsa ba. Shekarar da ke kan kundin dai 1976 ce. A yi adalci: cocin ta bayyana daga baya cewa ba ta goyon bayan irin wannan magani, kuma da amincewarta jihar Utah ta hana likitoci yi wa yara ƙanana ƙoƙarin sauya sha'awa a Janairun 2020.

Steven Fales shi nasa salon daban ne, akwai raha da waƙa a ciki. Ya yi wa'azin Momon a Fotugal, ya karanci wasa da waƙa a BYU, ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyu, ya bi masu ba da shawara don a sauya shi, auren ya mutu, coci ta kore shi, ya faɗa rayuwar banza da ƙwaya a New York kafin ya farfaɗo. Duk wannan shi kaɗai yake tsayawa ya kwaikwaya a wasansa Confessions of a Mormon Boy, wanda ya fara nunawa a Salt Lake City a 2001 ya kuma nuna shi a New York a 2006. Bai wanke kansa ba a ciki, shi ya sa wasan ya yi nauyi. Abin mamaki, matar da ya aura ɗiyar marubuciya Carol Lynn Pearson ce, ita ma tsohuwar ɗalibar sashen wasan kwaikwayo na BYU, wadda nata mijin mai neman maza ne. Sun rabu, amma da cutar ƙanjamau ta kama shi ita ta yi jinyarsa a gidanta har ya rasu a 1984. Pearson ba ta bar cocinta ba. A 2006 kamfanin wasa na Plan-B ya nuna wasanta Facing East: uwa da uba a bakin kabarin ɗansu da ya kashe kansa, sai ga saurayin da yake tare da shi ya iso. Mutum uku, kabari ɗaya, ba wani ƙyale-ƙyale. Sai kuma Little Happy Secrets na Melissa Leilani Larson, wanda aka nuna a garin Provo a 2009, labarin budurwa mai ibada da ta dawo daga wa'azi ta tsinci kanta tana son ƙawarta, ba ta kuma da niyyar barin addininta. Ƙungiyar marubutan Momon da kanta ta ba shi kyautar wasan shekara.

Me ya sa dandamali, ba fim ba? Kuɗi na farko. Fim na buƙatar miliyoyi da mai rarrabawa. Wasan mutum ɗaya kujera da fitila da ƙaramin zaure sun ishe shi. Na biyu, sutura. Ɗalibin da zai rasa gurbinsa idan aka ga fuskarsa yana iya ba da labarinsa a ɓoye, wani ya hau ya faɗa da bakinsa. Wannan dabara ta tattara maganganun mutane na gaskiya a mayar da su wasa ta ƙara yin suna da The Laramie Project a 2000, lokacin da Moisés Kaufman da abokan aikinsa suka yi hira fiye da 200 da mutanen garin da aka kashe ɗalibi Matthew Shepard a 1998. Na uku kuwa, jami'o'in ne da kansu suka koya musu. Makarantun Kirista na Amurka suna ji da waƙa da wasa. Ita kanta Bob Jones, duk tsaurinta, ta shahara da nuna wasannin Shakespeare. Malami ya shekara huɗu yana gaya wa yaro kada ka yi ƙarya a kan dandamali, nemo gaskiyar da ke cikinka. Ran da yaron ya ɗauki maganar da gaske, sai ofishin ladabtarwa ya kira shi.

Ba na cewa duk abin da aka faɗa a dandamali shi ne ƙarshen magana. Wasa shaidar ɓangare ɗaya ce, kuma mai rubutu ya san inda zai sa kuka. Jami'o'in na da hujjarsu: ba su ɓoye ƙa'idarsu ba, iyaye da yawa don ita suka zaɓe su, kuma 'yancin addini a tsarin mulkin Amurka ba ado ba ne. Sai dai wanda ya sa hannun nan sau da yawa ɗan shekara 18 ne, iyaye ne suka zaɓa masa makarantar, su ke biya, kuma bai gama sanin kansa ba.

Inda nake ganin laifin hukumomin shi ne magana biyu. A Fabrairun 2020 BYU ta cire sashen da ya ambaci neman jinsi daga kundin ɗa'arta ba tare da cikakken bayani ba. Ɗalibai suka ɗauka an sassauta, wasu suka bayyana kansu, har da hotuna a intanet. Bayan mako biyu sai ga wasiƙa daga hukumar ilimi ta cocin cewa ba abin da ya sauya. Wanda ya riga ya fito fa, ya koma ina? Mai ƙa'ida ya faɗe ta ɓaro-ɓaro tun farko ya fi wannan tausayi. A Jami'ar Seattle Pacific ma, a kan batun neman jinsi, malamai da ɗalibai sun kasance gefe ɗaya, kwamitin amintattu na ɗaya gefen. A bikin yaye ɗalibai na Yunin 2022 da dama daga cikinsu suka ƙi ba shugaban riƙon jami'ar hannu, suka miƙa masa ƙananan tutocin bakan gizo. Hoton ya zagaya duniya, mutane suka ɗauka alamar jami'ar ta sallama ce, alhali zanga-zanga ce don ta ƙi sallamawa.

Saboda haka, mai karatu, idan an sake turo maka irin wannan bidiyo, kafin ka danna ka tura wa zauren danginku, duba sunan makarantar, duba shekarar, ka kuma tambayi wanda ya turo maka ko ya san wa ke ƙorafi a kan wa.