Daga Tsibirin Roosevelt Zuwa Falonmu Na Bronx

Kwanakin baya na hau motar nan mai rataye da igiya daga Manhattan zuwa tsibirin Roosevelt, don in ga Cornell Tech da idona, tunda ana ta zancen jami'o'in zamani masu aiki da fasaha.

An buɗe harabar a 2017, bayan Jami'ar Cornell da Technion ta Isra'ila sun ci gasar da magajin gari Michael Bloomberg ya shirya a 2011. Birnin ya ba da fili da dala miliyan 100. Rufin ginin Bloomberg Center faifan sola ne, kuma rijiyoyin da aka haƙa a ƙasa ke taimakawa wajen ɗumama shi da sanyaya shi. Wallahi abin ya burge ni. Amma ina tsaye a wurin, falonmu na Bronx nake tunawa.

A watan Maris na 2020 korona ta sa CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin nan, ta mayar da karatu ta intanet. Yayata tana shekarar ƙarshe, ni ina sakandare, ga autanmu. Mu uku, kwamfuta ɗaya! Yaya takan shige kicin da waya ta saurari lacca, Umma na suya a gefe tana cewa, "Ki ce wa malamin ya yi haƙuri da ƙarar mai." Sai da makarantarta ta ba ta aron kwamfuta muka huta da rigima. Da babu wannan aron, da wuya ta gama a shekarar.

Namu ma da sauƙi. Ɗan kawuna a Kano bai samu ko laccar waya ba: yajin aikin ASUU ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022.

Yanzu kuma ChatGPT ake yayi. Makarantun gwamnati na New York sun toshe shi a Janairun 2023, suka janye a watan Mayu. Ni ma ina amfani da shi, ba ƙarya. Sai dai wanda ba shi da data ko wutar caji, me zai tambaye shi?

Don haka, ku ƙannena masu neman jami'a, kafin hoton gini ya ruɗe ku, ku tambaya: suna ba da aron kwamfuta? Ana naɗar lacca don mai aikin dare? Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.