Rabin taki da majuyin sarƙar da ya dace da shi

Duk wanda ya taɓa hawan tsohon keken doguwar tafiya na shekarun 1970 zai iya lura da wani abu a wajen feda: manyan farantai biyu masu haƙora da suka kusa zama girma ɗaya, ɗaya mai haƙori 50, ɗaya mai 45. Mai kallo zai ɗauka kuskure aka yi, don me za a ɗora farantai biyu da bambancinsu bai taka kara ya karya ba? Lissafi ne aka yi da gangan, kuma sunan tsarin rabin taki. Mai son ya raya shi a yau yakan samu farantai da sarƙa ba da wata wahala ba. Inda yake tuntuɓe shi ne wajen zaɓen majuyin gaba, wato ƙaramin kejin ƙarfen nan da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti. Hujjata ita ce, a wannan zaɓe sunan da aka rubuta a kwali ba ya da amfani, sabunta ma ba ta da shi. Abin dubawa shi ne zurfin leɓen kejin na ciki.

Sai an fahimci dalilin tsarin kafin a gane matsalar. A wancan zamani firiwil na baya farantai biyar gare shi, wani lokaci shida. Mai ɗaukar kaya a keke yana bukatar giya mai nauyi ta shimfiɗaɗɗiyar hanya da mai sauƙi ta hawan tudu, don haka dole a buɗe tazara tsakanin farantan, misali 14, 17, 21, 26, 32. Daga kowane zuwa na gaba ƙarin ya haura kashi 20 cikin ɗari, kuma wannan tsalle ne babba ga ƙafa: giya ɗaya ta yi nauyi, ta kusa da ita ta yi sako-sako. Idan aka haɗa wannan firiwil da farantan gaba na 52 da 42, waɗanda aka saba gani a kekunan tsere na lokacin, sai a yi asara, domin 52 a kan 26 daidai yake da 42 a kan 21, kuma 52 a kan 21 kusan ɗaya ne da 42 a kan 17. Giya goma a baki, shida a aikace. Amma 50 ya ɗara 45 da kashi 11 cikin ɗari, kusan rabin tsallen baya ke nan, saboda haka kowace giya ta faranti ɗaya tana faɗawa a tsakiyar giya biyu na ɗayan, a samu goma cif ba maimaici. Aka kuma ƙara faranti na uku ƙarami, kamar mai haƙori 28, domin tudu mai tsauri, wanda mahaya a Amurka suke kira giyar kaka. Frank Berto, injiniyan da ya daɗe yana rubutu kan giyar keke a mujallar Bicycling, yana cikin waɗanda suka fi yayata wannan haɗi.

To, mai farantai uku a gaba, hankali zai ba shi ya sayi majuyin da aka ƙera domin farantai uku. A nan ne kuɗi ke zubewa. Majuyin farantai uku na zamani an siffanta shi ne bisa haɗi irin 52, 42, 30, inda na tsakiya ya gaza babba da haƙori goma ko fiye. An zurfafa leɓensa na ciki, ya sauko ƙasa sosai, domin ya kamo sarƙa daga ƙaramin faranti ya cilla ta kan na tsakiya. Tsawon kowace gaɓar sarƙa milimita 12.7 ne, wanda ke nufin duk haƙori ɗaya da aka ƙara wa faranti yana ɗaga bakinsa da kimanin milimita 2. Ratar haƙori goma tana ba leɓen nan fili na milimita 20 ya rataya a ciki. A rabin taki ratar haƙori biyar ce ko huɗu, filin bai wuce milimita 10 ba. Da zarar an tura kejin waje domin a hau babban faranti, leɓen ciki yana zuwa daidai saman farantin tsakiya, sai ya ci karo da haƙoransa. Ba laifin saiti ba ne, kuma babu sukurun da za a murɗa ya gyara shi.

Wani zai ce abu mai sauƙi, a ɗaga majuyin sama a jikin bututu har leɓen ya tsallake. Ana iya yi, kuma keken zai tafi. Sai dai ƙa'idar ɗaura majuyi ita ce leɓen waje ya tsaya milimita 1 zuwa 3 a saman haƙoran babban faranti, domin a wannan kusanci ne yake iya tare sarƙa kada ta zarce ta faɗo ta wajen feda, kuma a nan ne yake iya turo ta ƙasa da sauri. In an ɗaga shi da santimita guda, canji ya zama na jinkiri, sarƙa ta riƙa zamewa. Wannan illa ta fi tsanani a rabin taki fiye da kowane tsari, saboda mahayinsa yana taɓa majuyin gaba kusan a kowane canji, ba sau ɗaya a gindin tudu ba. Masu goge leɓen da zarto su rage zurfinsa sun fi kusa da gaskiya, amma suna cire wa ƙarfen rufin da ke kare shi daga tsatsa, suna kuma raunana kejin.

Abin da ya dace shi ne majuyi mai leɓen ciki gajere, wanda bai sauko ƙasa da na waje da yawa ba. Wannan siffa ce ta majuyin farantai biyu na kekunan tsere, musamman tsofaffi irin SunTour Cyclone da Campagnolo Nuovo Record, waɗanda leɓunansu suke a miƙe ba tare da lanƙwasa da ƙusumbi ba. Kamfanoni ma sun san da bambancin: a ƙarshen shekarun 1980 Shimano ta fitar da majuyin Deore XT iri biyu, ɗaya na rabin taki, ɗaya na farantai masu faɗin rata. Irin waɗannan kaya ba a cika ƙera su yanzu ba, amma sukan zo a jikin tsofaffin kekunan gwanjo, kuma mai gyaran keke da ya san abin da yake nema zai gane su da ido. Gwajin ba wuya: a auna yadda leɓen ciki ya zarce na waje zuwa ƙasa, a kwatanta da milimita biyu-biyu na kowane haƙorin rata.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙarfin ɗauka. Majuyin farantai biyu na Shimano galibi an rubuta masa iyakar haƙori 16 tsakanin babba da ƙarami, alhali daga 50 zuwa 28 haƙori 22 ne. Ƙorafin gaskiya ne, amma a duba me wannan iyaka take nufi. Idan sarƙa tana kan ƙaramin faranti a gaba, kuma tana kan ƙananan farantai a baya, takan yi ƙasa har ta goga wutsiyar kejin. Idan tana kan manyan farantan baya, sai ta ɗago ta wuce lafiya. Giyar kaka kuwa da manyan farantan baya biyu ko uku kaɗai ake amfani da ita, domin sauran haɗe-haɗen maimaici ne na giyar da farantin tsakiya ya riga ya bayar. Abin da aka rasa, dama ba a bukatarsa. Saura batun nisan tafiyar kejin zuwa gefe: da yawa daga tsofaffin majuyan suna kaiwa farantai uku idan aka sassauta sukurorin iyaka, amma wannan sai an gwada a jikin keken, domin tsawon sandar feda yana canja lissafin.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba a kauce masa. Libar canji mai tsani, wadda ke tsayawa ƙas-ƙas a wuraren da aka ƙayyade, irin STI da Shimano ta kawo a 1990, an daidaita ta ne da majuyinta da farantanta. Rabin taki yana son liba marar tsani, ta jikin bututu ko ta ƙarshen kan keke, wadda hannu ke tsayar da ita inda ya ga dama, ya ɗan gusa kejin in sarƙa tana gogawa. A kuma duba faɗin maɗaurin, domin bututun tsohon keken ƙarfe yawanci milimita 28.6 ne, na zamani kuwa 31.8 ko 34.9. Mai hannun feda irin TA Cyclotouriste na Faransa yana da ƙarin dalilin guje wa sabon majuyi, saboda ratar da ke tsakanin hannun da babban faranti ƙarama ce, keji mai kumburi zai riƙa bugunsa.

Masu cewa zamani ya wuce rabin taki ba su yi ƙarya ba game da sabon keke mai farantai 11 ko 12 a baya, inda tsallen ya riga ya ƙanƙance. Amma tsohon firam mai faɗin baya na milimita 120 ko 126 ba ya ɗaukar wannan jeri sai an buɗa shi da ƙarfi, kuma sarƙarsa mai kauri ta fi araha, ta fi jure ƙura. Ga mai irin wannan keke, farantai biyu masu ratar haƙori biyar da tsohon majuyi mai gajeren leɓe suna ba shi giya goma na gaske daga firiwil mai biyar.