Baƙi da Wasali: Sabon Ilmi Game da Ciwon Daji

Duk wanda ya yi karatun allo ya san babbaƙu, ya san farfaru. In an rubuta kaf da ra, wasali ne zai nuna ko kura ake nufi ko kara. Baƙi bai sake ba, amma karatu ya sake.

To, masana sun gano haka jikin ɗan Adam yake. Cikin ƙwayoyin halittarmu akwai rubutun gado, wanda ake kira DNA. Bisa rubutun nan kuwa akwai waɗansu 'yan alamu masu nuna inda za a karanta da inda za a rufe. Wani masanin Ingila, Conrad Waddington, shi ya raɗa wa ilmin nan suna efijenetik cikin 1942. Cikin 1983 Feinberg da Vogelstein na Amurka suka tarar alamun nan sun rikice a tsokar ciwon daji. Daga baya aka gane sau da yawa layukan da ke hana ƙwaya hayayyafa barkatai suna nan lafiya lau, rufe su kurum aka yi.

Abin da aka rufe kuwa yana buɗuwa. Cikin 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da Azacitidine, cikin 2006 da Decitabine, domin wata cutar ɓargo da kan rikiɗa ta zama sankarar jini. Aikinsu hana liƙa alamun rufewa. Sukan sassauta cutar, amma ba su kawar da ita ɗungum, ƙari mai tauri kuwa bai cika jinsu ba tukuna.

Wani zai ce, ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai. Daga Argungu har Birnin Kebbi, masunta da manoman shinkafa cikin fadamar Rima suke wuni, tsargiya kuwa cikin ruwa ake ɗaukarta. Ƙwan tsutsarta kan maƙale a mafitsara shekara da shekaru yana gurzarta, har wani lokaci abin ya zama sankara. Binciken da aka yi kan majinyatan Masar ya nuna alamun rufewa sun yi yawa a irin wannan sankara.

Saboda haka, malamai, in ɗalibi yana fitsarin jini, kada a ce alamar balaga ce. A kai shi asibiti ya sha Praziquantel. Hana wasali ɓaci ya fi gyaransa arha. Allah ya kiyashe mu, amin.